Irin Albasar Babanku

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa zuwa gare ka, babban ɗana. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka ka sauka Kano lafiya, ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin da kake gani da wanda ba ka gani.

Za ka tsinci takardar a ƙasan jaka, tsakanin ƙullin yaji da na kuka. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san firamare kawai na gama aka yi mini aure. Na zaɓi rubutu ne don baki ba zai iya ba. Kai ɗan fari ne. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ba, haka aka rene mu. A takarda kuwa ba na ganin idonka, sai in faɗi abin da ke raina.

Shekaranjiya kuna zaure da Baffanka Sani, ina bayan katanga ina tankaɗe, na ji ka ce masa, "Baffa, in abu ya yi tsanani ka kira ni, in ajiye karatun in dawo fadama." Shi ya ce to, don ya sallame ka. Ni ban ce to ba. Saboda wannan maganar nake rubuta maka, kuma zan dawo kanta. Ka bari in fara da abin da ya riga ta.

Ranar da ƙanwarka Hafsatu ta tambaye ka mene ne wannan tattalin arzikin da za ka karanta, ka ce mata shi ne sanin yadda ƙasa take ci take sha, da abin da ke sa kaya su yi tsada, da yadda ƙasashe ke ciniki da juna. Ina gefe ina jinku. A raina na ce, ashe abin da ya yi ta wahalar da ni shekara da shekaru suna gare shi, har ana zuwa jami'a dominsa. Ba ni da abin da zan koya maka a ciki. Abin da nake da shi kurakuraina ne, su zan ba ka guzuri.

Na farko na yi shi kana goye. Ni 'yar ƙauye ce daga wajen Wurno, kuma a gidanmu abin kunya ne a ga magidanci ya je kasuwa awon gero. Babanku, Allah ya jiƙansa, yana da fadama a bakin gulbi da gonar tudu da ya gada. Wata shekara ya ce zai ba da aron gonar tudun, ya zuba taki da ƙarfinsa duka a albasa, gero kuwa mu saya. Na tayar da hankali. Na ce ni ba za a kai labari garinmu a ce gidan mijina awo ake yi ba. Ya yi dariya ya ce, "Ke ɗiyar manoma, buhun albasa guda in Allah ya ba shi kasuwa, gero nawa shika sawowa? Ƙasarmu ta albasa ce. Masu tudu su yi gero, mu yi albasa, mu haɗu kasuwa kowa shi ci." Ban ji ba. Na yi kwanaki ina ɗaure fuska har ya raba takin biyu. Lokacin yankan gero ya zo daidai da lokacin renon albasa, ya rasa inda zai sa kansa. Geron bai cika rumbu ba, albasar ta fito ƙanana. Bai taɓa yi mini gori ba. Da rani ya yi ya je ya awo geron da nake gudu, ya ajiye mini a ƙofar ɗaki, ya ce, "Ga shi nan, ba a rubuta masa sunan gona ba."

Don haka ka san abin da hannunka ya fi iyawa, ka tsaya a kai, sauran ka saya wurin wanda ya fi ka iya shi, kada kunya ta hana ka. Babanku ya ce ƙasashe ma haka suke yi. Albasarmu tana bi ta Illela ta shiga Nijar, wata har Gana, shi kuma ya dawo da wake da raguna daga Ƙonni, kuma ba wanda ya cuci wani. Amma zan ƙara maka abin da shi bai faɗa ba. Shekarar da aka rufe bodar Nijar, ragowar geron da na saba ɓoyewa a ɗaki shi ya riƙe mu. Ciniki da maƙwabci alheri ne, sai dai ƙofar ba a hannunka kai kaɗai take ba. In malamanku sun koya maka daɗin cinikin, ka tambaye su ranar da aka rufe ƙofa me za a ci.

Na biyu shi ne na injin niƙa. Bayan mun dawo Mabera na ga unguwarmu ba inji kusa, mata sai sun aika nesa. Na ƙudura zan saya. Na shiga tara abin da nake samu na ƙuli da mai, ina sa shi a cikin babbar kwallar jerena, wadda ke can sama, na rufe. Babanku ya ce in sayi akuya ko in sa kuɗin a albasa su riƙa juyawa kafin su kai. Na ce a'a, kuɗina ina son in riƙa ganinsu. Duk lokacin da na ga sun kusa, sai in aika a tambayo, a dawo a ce injin ya ƙara kuɗi. In sake tarawa, in sake aikawa, ya sake gaba. Na ce wa babanku mai shagon nan wasa yake yi da ni. Ya ce, "Ba shi ba ne. Injin daga waje aka kawo shi, da dala aka saye. Naira in ta faɗi, injin ya hau." Na ce ni ina ruwana da dala, ko kalarta ban sani ba. Ya ce, "Ita ta san ki. Tana cikin takin da muka zuba, tana cikin maganin da kika sha, tana cikin atamfar jikinki."

Kuɗin nan ba ɓarawon da ya taɓa su. Yadda na sa su haka na same su, ko ɗaya bai ɓata ba, amma abin da za su saya kullum raguwa yake yi. Daga baya aka zo da canjin kuɗi, na kwashe su a gurguje aka kai banki, muka yi makonni muna neman na cefane. Injin dai har yau ban saya ba. Ka riƙe wannan: kuɗi ba dukiya ba ne, takardar karɓar dukiya ce, kuma takardar tana iya ramewa tana kwance. In an gaya maka albashin wani ko ribar wani, kada yawan ya ruɗe ka, ka tambaya tiya nawa ta gero zai awo. In ka samu ɗan abu ka ware na buƙatar gaggawa, sauran ka sa shi inda zai yi aiki.

Na uku yana ci mini rai fiye da na injin, don mutum na ɓata wa. Ka tuna Malam Buba mai shagon bakin layinmu. Lokacin da aka cire tallafin mai, kaya suka tashi gaba ɗaya. Yau ka sayi shinkafa, jibi ka koma ta ƙaru. Wata rana na aiki Hafsatu sayen man gyaɗa ta dawo da rabin kwalba. Na saka hijabi na tafi da kaina. A gaban mutane na ce masa, "Malam Buba, ka ji tsoron Allah. Kayan da ke kan kantarka tun makon jiya, su ma mota suka sake hawa?" Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Innar yara, in na sayar miki a kuɗin jiya, gobe da mi zan sawo wani? Ni ma can sama aka ɗoro mini." Na ce duk bakinku ɗaya, na juya. Na hana a sake yi mini sayayya a wurinsa.

A watan da hakan ya faru, babanku ya dawo daga fadama yana lissafin man injin ban ruwa, ya ce dole kuɗin albasa ya ƙaru, in ba haka ba noman bana asara ne. Na ce ai gaskiya ne. Sai na ji kunya ta kama ni, don na san wata mata a Legas ko a Kumasi za ta tsaya gaban mai albasa ta ce masa ya ji tsoron Allah, kuma mu take nufi. Kafin in yi shawarar zuwa ba Malam Buba haƙuri, shagon ya rufe, jarin ya narke, ya koma garinsu. Da babanku ya rasu, mutumin nan ya biyo mota ya zo gaisuwa. Daga bayan labule na roƙe shi gafara, ya ce shi bai ma riƙe ba.

Akwai masu ɓoye kaya da masu zalunci a kasuwa, ban ce babu ba. Amma in ka ga abu ɗaya ya yi tsada, ka tambayi mai abin. In ka ga komai ya yi tsada lokaci guda, har da kuɗin mota da kuɗin aski, to matsalar ta wuce mai shago, ka ɗaga kai ka duba sama. Wannan duba saman shi ne aka tura ka ka koyo. Kuma in Allah ya kai ka inda ake yanke irin wannan hukunci, ka tuna duk abin da aka sa wa hannu a ofis, a tukunyar wata yake sauka.

Yanzu na zo wurin da ya fi mini wuyar rubutawa. Ka san yadda aka yi, amma ba ka san nawa ɓangaren ba. Babanku ya adana albasarsa a rudu, ma'ajiyar albasa ta kara, tun girbi, yana juya ta, yana fitar da mai ruɓa, yana jiran ta yi daraja. Da ta yi, ya haɗa kai da abokansa suka cika mota. Motar na isa Illela aka rufe boda saboda juyin mulkin da aka yi a Nijar. Ba shi ya yi juyin mulki ba, bai san waɗanda suka yi ba. Aka ce yau za a buɗe, aka ce gobe. Albasa ba ta san jira a cikin buhu ba. Da suka haƙura suka juyo da motar, ruwa ke ɗiga daga ƙarƙashinta, kasuwar gida kuma ta cika da ta wasu da aka juyo da ita, ba mai tayawa. Ya shigo gida rigarsa tana warin ruɓa, ya ce mini, "Allah ya yi." Ban ce wannan ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma daga ranar bai sake cin abinci ya ƙoshi ba.

Ina cikin takaba Baffanka ya kawo mini jakar babanku ta tafiya. A ciki akwai sefa, kuɗin Nijar, ragowar cinikin baya da bai canza ba. Baffanka ya ce, "Yaya, a bar su haka. Naira tana ta zamewa, sefa tana tsaye. In lokacin makarantar yaron ga ya yi sai a canza." Ni kuwa ko kallonsu ba na son yi. Kuɗin ƙasar da hanyarta ta cinye mana albasa ne, kuma warin jakar nasa ne. Na ce a kai kasuwa a canza su yau, a kawo mini kuɗin ƙasarmu. Ya yi mini magana har sau biyu, na sa kuka, ya tashi ya je ya canza. Kafin in fita takaba naira ta yi faɗuwar da ba mu taɓa gani ba. Da an bar su, da sun kai ka makaranta tun bara.

Kada ka yanke shawarar dukiya kana cikin fushi ko baƙin ciki. Kuɗi ba su da ƙabila, ba su san wanda ya ɓata maka ba. Ka jira zuciya ta kwanta, ka saurari wanda idonsa ya bushe.

Daga nan ne babban kuskuren ya fito. Takardar samun gurbinka ta zo, kuɗi ba su kai ba, ka zo ka tsaya a ƙofar ɗakina ka ce ka fasa, za ka riƙe fadama. Abin da ya kamata in ce shi ne a sayar da abin da za a sayar ka tafi. Ban ce ba. Na yi shiru, kuma a cikin shirun nan daɗi na ji. Ina son in riƙa jin takunka a zaure da yamma, a lokacin da shi ya saba shigowa. Na bar ka ka ɗauka don abinci ne. Abincin ma gaskiya ne, amma ba shi ne duka ba. Abokanka suka tafi, kai kana cikin laka kana dashe. Shekara guda na ci maka, ka yafe mini.

Abin da ya farkar da ni ƙaramin abu ne. Ka san gwangwanin da babanku ke ajiye irin albasa a ciki, wanda yake zaɓen manyan kawuna ya sake dasa su don su yi fure ya tara. Wani dillali ya aiko yana so, da kuɗi masu kyau, don an san irin gidanmu. Lokacin muna cikin matsi, na ce wa Baffanka a ba shi. Mutumin da bai taɓa yi mini musu ya dage ba, ranar ya dage. Ya ce, "Yaya, kin sa na canza sefa na canza. Wannan kam ba ni yi. Shekarar da ambaliya ta ci fadama, ni da shi mun kwana da yunwa gwangwanin ga na rataye bisa kanmu, bai buɗe ba. Ko kin manta abin da shika kiran kuɗin makarantar yaran ga?" Ban manta ba. Duk sanda zai biya muku kuɗin makaranta sai ya ce zai je ya zuba iri. Na zauna bayan fitar Baffanka ina kallon gwangwanin. An hana ni sayar da irin cikin gwangwani, ga shi kuwa na kusa cinye wanda ya fi shi, karatunka.

Alhamdu lillahi, Allah bai bar ni da kuskurena ba. Albasar da ka noma ta yi kyau, aka buɗe boda, masu saye suka dawo, gurbin karatu ya sake fitowa. Ranar da ka dawo ka ce an gama biyan komai, na shiga ɗaki na yi sujada. Tun rasuwar babanku ban yi barci irin na ranar ba. Wani nauyi ne ya sauka daga ƙirjina, har yanzu ina jin sauƙinsa.

To ga amsar maganar da ka yi a zaure. Ba za a kira ka ba. Na gaya wa Baffanka, in ya kira ka don fadama ni da shi ne. Shi zai riƙe noman, an yi magana a gaban manya, an san rabonsa an san namu. Ni ma ba zaune nake ba. Ganyen albasar da ake bari a fadama yana bushewa a banza, na sa ana kwaso mini, ina daka shi ina yin gabu. Matan unguwa suna saye, wata mai abinci a Ƙofar Marke tana aikowa duk mako, har wata 'yar Ƙonni ta ɗauka ta ce za ta gwada a can. Hafsatu tana yi mini tsiya wai Inna ta fara fitar da kaya ƙasar waje. Ba ya kawo da yawa, amma yana kawo cefane, kuma ba a kwalla nake sa shi ba, na sayi tunkiya.

Abu zai yi tsanani, ba zan ɓoye maka ba. Kaya za su ƙara tsada, wataƙila a sake rufe wata ƙofar, wataƙila ka kira ka ji muryata ba daɗi. Duk wannan ba dalilin dawowa ba ne. In ka ajiye karatu ka dawo, za mu ci da kyau shekara ɗaya, shekarun da ke bayanta kuma fa? Ba don ka yi kuɗi kawai nake so ka tsaya ba. Babanku ya rasu bai san dalilin da ya sa abin da aka yanke a wata ƙasa ya ruɓar masa da albasa a Illela ba. Ni ma ban sani ba. Ina so a samu mutum ɗaya a gidan nan da ya sani, wanda zai zauna ya yi mana bayani da Hausa.

Sauran kaɗan ne. Ka riƙe salla a kan lokaci. Kanawa za su yi dariyar harshenka tun daga gaisuwar farko, ka bar su su yi, kada ka murɗe bakinka don ka yi kama da su. Ka ci abinci, na san halinka in ka sa kai a littafi. Abin da ba ka gane ba a aji ka tambaya, ni rashin tambaya da rashin saurare ne suka yi mini yawancin abin da na lissafa maka. In ka dawo hutu kada ka raina hirar 'yan kasuwa, kada kuma ka raina ta malamanka, kowa da gefen da yake gani.

Jiya Baffanka ya biyo daga fadama ya ce irin da kuka zuba a fangalin reno kafin ka fara haɗa kaya ya tsiro, ya yi kore shar. Na gwangwanin babanku ne. Za a yi dashensa ba ka nan, za a yi ban ruwa ba ka nan, kuma zai yi, in sha Allahu. Kai ma inda aka dasa ka ka tsaya. Sai an ba ku hutu nake son jin takunka a zaure.

Allah ya jiƙan babanku, ya haskaka kabarinsa, ya kai masa ladan karatunka. Allah ya tsare mini kai dare da rana, ya buɗe maka ƙirji, ya ba ka ilimi mai amfani, ya dawo mana da kai lafiya a lokacin da ya dace. Na yafe maka duniya da lahira, Allah ya yi maka albarka. Hafsatu da sauran ƙannenka suna gaishe ka.

Sunan da ke bayan takardar nan Hafsatu na sa ta rubuta. Na ɗauki biro zan rubuta da kaina, hannun ya ƙi.

Wassalam.

Innarku,
Mabera, Sakkwato.